Kafin ka sayi bindigar iska da ɗan kuɗinka: lambar da ke jikin kwali ba ita ke harbi ba

Kwanakin baya wani ƙanina da ke karatu a Ingila ya turo mini hotuna uku ta WhatsApp. Bindigogin iska ne, irin waɗanda ake harba 'yar ƙwayar dalma da su a filin wasan saiti. Ya ce abokansa sun ja shi wani kulob ɗin harbi, abin ya shiga ransa, ya tara ɗan abin da ya samu daga aikin ƙarshen mako, yana so in zaɓar masa ɗaya. Ban ma buɗe baki ba ya riga ya faɗi wadda ransa ke kai: “Yaya, ta tsakiyar nan an rubuta 1200 FPS, ta fi sauran gudu.”

Dariya na yi, don na san wannan cutar. Ita ce take kama mu a kasuwar waya, inda mutum zai ga an rubuta megafiksel 108 a bayan kwali ya ɗauka ya gama da kowa a hoto, sai ya zo ya tarar wata waya mai megafiksel 12 ta fi tasa fitar da fuska da daddare. Bidiyoyin harbi sun cika TikTok da YouTube, kuma na san ba ƙanina kaɗai ke wannan lissafi ba. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi ra'ayina a fili: mai ƙaramin kuɗi ya nemi bindigar da ke sa harsashi inda ya saita, ya bar tseren ƙarfi ga masu kuɗin zubarwa. Kuma kafin duk wannan, ya fara sanin ko doka ta yarda ya riƙe ta.

Doka tukuna, ciniki daga baya

Mutane da yawa na yi wa bindigar iska kallon babbar yayar danƙo, abin wasan yara. Hukuma ba ta yi mata wannan kallo. A Najeriya, Dokar Makamai da aka kafa tun 1959 ta jera bindigar iska cikin rukunin makaman da mutum ba zai mallaka ba sai da lasisi daga rundunar 'yan sanda, rukuni ɗaya da bindigogin farauta. Don haka wanda ya ce maka “ai wannan ba ta buƙatar takarda, iska ce kawai” yana neman kuɗinka ne, ba shi zai kwana a bayan kanta ba idan aka kama ka da ita. Haka shigo da ita daga waje ba kamar yin odar caja ba ne, akwai izinin da ake nema, kuma jami'an kwastan na iya riƙe kayan.

Ko a ƙasashen da wannan wasa ya yi ƙarfi akwai iyaka. A Ingila sai ka cika shekara 18 za a sayar maka, kuma idan ƙarfin bindigar ya wuce kusan jul 16 sai da takardar mallakar makami. Jul shi ne ma'aunin ƙarfin da harsashi ke ɗauke da shi. A Jamus iyakar ta fi tsauri, jul 7.5 ne. A Sukotland kuwa, tun ƙarshen 2016 bindigar iska sai da takarda ta musamman, kuma abin da ya zaburar da neman wannan doka shi ne mutuwar wani yaro ɗan shekara biyu a birnin Glasgow a 2005, bayan ƙwayar bindigar iska ta same shi a ka. Ka riƙe wannan labari a ranka duk lokacin da wani ya ce maka abin wasa ne.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye. Daga nesa, ko da daddare, ba mai iya bambance bindigar iska da ta gaske. A hanyoyin da shingen jami'an tsaro ya yi yawa, da garuruwan da 'yan sintiri ke kwana a farke, fitowa da irin wannan abu a kafaɗa ko ɗaukar hoto da shi don a saka a Facebook ganganci ne da rai. Wanda kuma yake tunanin sayenta don kare gida daga ɓarayi ko 'yan bindiga, ina roƙonsa ya sauke wannan tunani. Tana da ƙarfin da za ta tsiyaye idon ƙaninka, amma ba ta da ƙarfin tsayar da wanda ya zo da mugun nufi, sai dai ta ja maka martani da makami na gaske. Idan ba ka samu izini ba, shawarata ta ƙare a nan: ajiye kuɗinka. Sauran bayanin na wanda doka ta sahale masa ne, a duk ƙasar da yake.

Yadda ake wasa da lambar FPS

FPS na nufin yawan ƙafa nawa harsashi ke ci a daƙiƙa ɗaya. Lambar ba ƙarya ba ce kai tsaye, amma ana samunta ne ta hanyar da ba za ta amfane ka ba. Kamfani zai gwada bindigar da harsashi mafi sauƙin nauyi da zai iya samu, wanda ba na dalma ba, sai ya rubuta mafi girman lambar da ta fito.

Ga lissafin. Ɗauki bindiga mai ƙarfin jul 16. Idan ka sa mata harsashin dalma na yau da kullum mai nauyin giram 0.54, zai fita da gudun kusan mita 243 a daƙiƙa, wato wajen FPS 800. Idan ka sa mata mai giram 0.33, zai haura mita 310 a daƙiƙa, sama da FPS 1000. Bindiga ɗaya, ƙarfi ɗaya, lamba biyu. Ka san wadda za ta hau kwali.

Matsalar ba ta tsaya nan ba. Sauti na tafiya da gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, wajen FPS 1125. Ƙwayar bindigar iska an yi ta ne da siffa irin ta ƙwallon badminton, kai mai nauyi da siket a baya, kuma wannan siffa ba ta son kusantar gudun sauti. Da ta kusa sai ta fara rawa a iska, ta sauka inda ta ga dama. Idan ta ƙetare gudun sauti sai ta yi ƙara irin ta bindigar gaske, ka tara wa kanka maƙwabta.

Duba inda gwanaye suke. A gasar Olamfik ana harbi da bindigar iska daga nisan mita 10, kuma ɗigon da ke tsakiyar allon faɗinsa rabin milimita ne, bai kai kan allura ba. Bindigogin da ake amfani da su a can gudunsu bai kai FPS 600 ba. Da irinsu Abhinav Bindra ya ci wa Indiya zinare a Beijing a 2008, zinaren farko da wani ɗan ƙasar ya ci shi kaɗai a tarihin gasar. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Iri uku, da kuɗin da ba a gaya maka

Irin farko ita ce mai sifirin. Za ka karya bututun ƙasa, hakan zai danne wani babban sifirin a ciki, ka sa harsashi, ka mayar da bututun. Da ka ja kunama sifirin zai tura fistin, fistin ya matse iska, iska ta fitar da harsashi. Akwai wadda aka maye gurbin sifirin da silinda mai gas a rufe, amma aikin ɗaya ne. Ba ta buƙatar komai daga waje sai ƙarfin hannunka.

Iri na biyu mai amfani da 'yar kwalbar iskar CO2 ce mai giram 12. Tana da daɗin harbi, ba ta girgiza, amma kullum kana sayen kwalba kamar yadda kake sayen data. Sannan matsin wannan iska yana bin yanayi. A ma'aunin zafi 20 yana wajen ba 57, amma da zafi ya wuce 31 sai ya riƙa hawa da sauri, saitinka ya canza, wani lokaci bawul ɗin ma ya ƙi buɗewa. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san wannan ba tasa ba ce.

Iri na uku ita ce PCP, wadda ake ɗura wa iska mai matsi sosai a tankinta, ba 200 zuwa 300. Ita ce tauraruwar bidiyo, ba ta girgiza, tana da sauƙin saiti, kuma farashin wasu ya sauko. Amma wa zai ɗura maka iskar? Tayar mota ba 2 da ɗoriya take sha, kuma injin mai faci na bakin titi ba ya ko kusantar ba 200. Dole ka sayi famfon hannu na musamman, ko tankin masu ninƙaya, ko ƙaramin injin matse iska mai tsada. Akwai robobi da yawa a ciki da ke bushewa su fara yoyo, kuma in ba mai gyara a kusa da kai, ka sayi sanda mai tsada ke nan. Gargaɗi ɗaya da ba wasa a ciki: kada wani ya ba ka shawarar ɗura mata iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti. Oksijin mai matsi idan ya haɗu da maiƙo fashewa yake yi.

A ganina amsar mai ƙaramin kuɗi a bayyane take: mai sifirin, mai matsakaicin ƙarfi. Kayan cikinta kaɗan ne, sifirin da roba biyu su ne abin da ke lalacewa, kuma mai kula na iya amfani da ita shekara da shekaru. Weihrauch da Diana na Jamus sun yi suna a wannan fanni, haka BSA da Air Arms na Ingila. Gamo na Sifen da Hatsan na Turkiyya da Crosman na Amurka sun fi yawa a ɓangaren masu sauƙin kuɗi. Ƙaramar Weihrauch HW30S misali ce mai kyau, ƙarfinta bai kai na manyan ba, amma tana da sauƙin karyawa da kunama mai laushi, kuma masu harbi da dama na komawa gare ta bayan sun gaji da masu ƙarfi.

Wani zai ce: to ai da kuɗin ƙaramar ta Jamus zan iya sayen ƙatuwa mai ninkin ƙarfinta, har da madubin saiti kyauta. Gaskiya ne. Amma ƙatuwar mai sifirin tana da nauyi, tana da wuyar karyawa, kuma girgizarta na sa harsashi ya watse a hannun sabon shiga. Bayan harbi talatin hannunka ya gaji, ba ka samu komai ba, sai ka jingine ta a bayan ƙofa. Araha ba ta ado.

Girman harsashi: 4.5 ko 5.5?

Za ka ga an rubuta .177 ko .22, wato milimita 4.5 da milimita 5.5. Na farkon ya fi miƙewa a tafiya, ya fi araha, gwangwaninsa yawanci na zuwa da guda 500, kuma shi ake amfani da shi a gasa. Na biyun ya fi nauyi, yana lanƙwasa ƙasa da wuri, amma ya fi duka idan aikin na kashe ɓerayen da ke ɓarna a sito ne a inda doka ta yarda. Ga mai koyo ina ba da shawarar 4.5, domin gwaninta yawan harbi ke kawo ta, kuma wanda harsashinsa ke da araha shi zai fi yin atisaye.

Kada ka ƙarar da kuɗin duka a kan bindigar

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, irin na wanda ya zuba duk kuɗinsa a waya ya rasa na gilashin kariya. Da ni ne, kashi biyu cikin uku zan sa a bindigar, sauran in raba su kamar haka.

Harsashi mai kyau. Kowane bututu na da irin da ya fi so, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su. Sayi ƙananan gwangwanaye iri biyu ko uku daga sanannun masu yi, irin JSB na ƙasar Cek ko H&N da RWS na Jamus, ka gwada. Mai zagayayyen kai ya fi mai tsini daidaito a mafi yawan bindigogi, duk da mai tsinin ya fi ban sha'awa a ido.

Tabarau na kariya, naka da na duk wanda zai tsaya kusa da kai.

Abin tare harsashi. Buhun yashi ko kwali da aka cusa wa tsumma sosai sun wadatar. Kada ka sa allon saitinka a jikin bangon siminti ko ƙarfe a tsaye, harsashi na dawowa. Kuma ka tuna idan ya kuskure yana iya tafiyar mita ɗaruruwa, ya ƙetare katanga ya faɗa gidan da ba ka gani.

Jaka da makulli. Wurin ajiya da yaro ba zai kai ba, harsashi kuma a wani wuri daban.

Madubin saiti shi ne na ƙarshe a jerin, kuma ba dole ba ne a farko. Wanda ake haɗowa kyauta a kwali yawanci shi ne mafi rauni a cikin kayan. Bindiga mai sifirin tana girgiza baya sannan gaba a lokaci guda, kuma wannan girgiza ta biyu na kwance gilasan madubin da ba a yi shi don ita ba, har da waɗanda ke jure bindigar gaske. Koyi da saitin ƙarfe da ke jikinta tukuna. Ranar da ka tara kuɗi, nemi wanda aka rubuta cewa yana jure bindigar sifirin, ƙarami mai ninka gani sau huɗu ya isa.

Sabuwa ko ta hannu?

Kamar dai waya, tsohuwa mai asali ta fi sabuwa mara suna, muddin ka san abin dubawa kuma cinikin ya bi hanyar da doka ta tsara. Karya bututun ka ji ko yana tafiya sumul ba tare da ƙarar goga ba. Mayar da shi ka girgiza, bai kamata ya yi motsi gefe da gefe ba. Duba 'yar robar da ke bakin wurin sa harsashi ko ta tsage. Leƙa ƙarshen bututun ko an buga shi, domin ɗan lahani a nan na lalata saiti gaba ɗaya. Duba kawunan sukurori, idan sun cinye to an sha buɗe ta. Sannan ka nemi a bar ka ka yi harbi biyar a takarda daga mita 10. Ba tsakiyar allo kake nema ba, so kake ka ga ko ramukan sun taru wuri ɗaya. Saiti ana gyara shi, watsewa kuwa ciwo ne.

Game da masu talla a Instagram da ke cewa ka tura kuɗi su aiko maka, wannan cinikin biri a sama ne sau biyu. Ko dai kayan ba za su zo ba, kuma ba ka da bakin kai ƙara, ko su zo ka zama mai riƙe da makami ba takarda. Hoton da ya nuna maka ma wataƙila daga shafin wani kanti na Turai ya kwafo, ka sa shi a Google Lens ka gani.

Abubuwan da ke kashe bindiga da wuri

Kada ka harba mai sifirin babu harsashi a ciki. Harsashin ne ke tare iska ya rage wa fistin gudu, in babu shi fistin zai daki ƙarshen silinda da ƙarfi ya lalata roba. Kada ka zuba man keken ɗinki ko man inji a ramin iska. Matsin da ke ciki na sa man ya kama wuta kamar yadda injin dizal ke aiki, za ka ji ƙara ka ga hayaƙi, sifirin kuma na iya karyewa. Kada ka bar ta a ɗane na tsawon sa'o'i. Lokacin sa harsashi, riƙe bututun da hannu ɗaya kada ya kuɓuce ya datse maka yatsa. A lokacin hunturu goge ƙura, da damina kuma shafa ɗan mai a wajen ƙarfen saboda tsatsa.

Wajen harbi kuma, kada ka damƙe ta kamar mai kokawa. Ɗora ta a tafin hannu a buɗe, ka bar ta ta yi girgizarta, kuma ka riƙe ta a wuri ɗaya kowane lokaci. Wannan dabara kaɗai na gyara harbin mutane da yawa da suka ɗauka bindigarsu ce ba ta da kyau. Wayarka ma na da amfani a nan: ɗauki hoton kowace takarda bayan harbi, ka rubuta nisa da irin harsashin, cikin wata guda za ka san abin da bututunka ke so.

Sai batun dalma. Guba ce, kuma mu ba baƙin wannan labari ba ne, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Harsashi kaɗan ba zai kai can ba, amma kada ka riƙa sa shi a baki kamar yadda wasu ke yi, wanke hannu kafin cin abinci, kuma tattara waɗanda aka harba kada yara ko kaji su tsince su.

Abin da na gaya wa ƙanina

Na ce masa ya bar hotunan nan uku. Ya koma kulob ɗin, ya roƙi a ara masa iri biyu ko uku ya harba na wasu makonni, tunda yawancin irin waɗannan wurare na da na aro ga sababbi. Idan har bayan wata biyu sha'awar na nan, ya nemi ƙarama mai sifirin, 4.5, ko da ta hannu ce, ya sayi harsashi mai kyau da tabarau, ya ajiye canjin. Na kuma ja masa kunne cewa ranar da zai dawo gida hutu, bindigar can za ta zauna, kada ya kuskura ya sako ta a akwati.

Ya ɗan ji haushi, ya ce ta 1200 ɗin ta fi kyau a hoto. Na ce masa haka ne, amma takardar da ke mita 10 ba ta karanta kwali, ramin da ta gani kawai take nunawa.